Naƙasassu da Neman Aiki a Cadakori

A shekarar 1993 dokar Nijar ta wajabta wa kowace ma'aikata mai ma'aikata 20 ko fiye, ta gwamnati ko ta ƴan kasuwa, ta keɓe wa naƙasassu kashi 5 cikin 100 na gurabenta. Doka ce mai kyau, amma ta fi amfanar mutanen Yamai da birnin Maraɗi. A Cadakori, cikin yankin Gidan Rumji, da wuya a sami irin waɗannan ma'aikatu. Noma da kiwo ne abin dogaro. Abin da zai raba gurgu ko makaho na can da bara shi ne koyon ɗinki, dukanci ko tuƙar igiya, da ɗan jari ko jar akuya. Sai dai hukumomin gundumar su fara ƙidaya su, ƙauye ƙauye.