Yadda Za a Shirya Tsakar Gida da Garka a Ƙasar Kura da Bunkure

Wannan takarda an rubuta ta ne domin manoma da dagatai da masu unguwa na ƙasar Kura da Bunkure da Garun Malam. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabtansa a zaure, domin zancen ya shafi ko wane mai gida.

Kowa ya sani Bahaushe ba a ɗaki ya ke wuni ba. Ɗaki wurin barci ne da ajiya. A tsakar gida a ke daka da girki da wanki, nan a ke shanya, nan yara su ke wasa, nan kuwa iyali su kan kwana idan bazara ta yi tsanani. Amma sau da yawa mutum ya kan kashe kuɗinsa wajen ginin ɗakuna, ya bar tsakar gida yadda ta ga dama: murhu kusa da rumbu, turke kusa da randa, masai kusa da rijiya. Abin da mu ke so mu nuna shi ne yadda za a jera waɗannan wurare, ko wane ya taimaki ɗan'uwansa.

Abin da ya sake a ƙasarmu

Da can, daga ɗaukewar ruwa a watan Oktoba har faɗuwarsa a Mayu ko Yuni, ƙasa a bushe ta ke. Da a ka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano cikin 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a ka jawo ruwa ta manyan magudanai zuwa Kadawa da kewaye, sai noman rani ya kafu. Tun 1976 aikin ya koma hannun Hukumar Kogin Haɗeja da Jama'are. Shinkafa da tumatir da albasa da masara da alkama sun kawo arziki, ba mai musu. Amma ruwa ya zo da abu uku waɗanda kakanninmu ba su yi fama da su kamar mu ba. Na fari, a wurare masu kwari ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa, yana cin gindin bango. Na biyu, sauro ba ya ƙarewa da rani, gama fadamun shinkafa da magudanan da kacalla ta toshe ba su rabuwa da ruwa. Na uku, tsargiya, wadda ƙwayarta ke girma cikin ƙananan dodon-koɗi na ruwan da ba ya gudu da ƙarfi, ta shiga fatar yaron da ya yi wanka a ciki. Saboda haka tilas ne shirin gida ya bi halin ƙasa na yanzu.

A fara da ruwa

Kada a dasa itace ko a kafa rumfa sai an san inda ruwa ya ke bi. Mai gida ya tsaya a ƙofar ɗakinsa ranar da a ka yi ruwa mai yawa cikin watan Agusta, ya duba inda ya kwanta da inda ya nufa, ya kafa turaku ya shaida wurin. Da rani ya cike kwarin da jar ƙasa, a daɓe, a yi masa gangare na kamar faɗin tafin hannu biyu cikin taku goma, daga bakin ɗakuna zuwa rariya. Dandamalin ɗaki ya fi tsakar gida tudu. Inda indararo ke zuba a jera duwatsu, don kada ruwa ya haƙe gindin ginin. Bangon gabas shi ne ya fi shan duka, domin daga gabas hadari ya ke tasowa a ƙasar Kano. A yi masa yaɓe ko wace shekara kafin damina.

Ruwan wanka da na wanke-wanke kuwa, kada a sake shi ya fita lungu ya zama kwata mai wari. A haƙa rami mai zurfin ƙugu a ƙarshen gangaren, a cika shi da duwatsu da tsingaro, a rufe, a bi da ruwan cikinsa. A gefensa a dasa ayaba ko gwanda, su shanye damshin. Ku tuna ƙwan sauro cikin kwana 7 zuwa 10 ya ke zama sauro idan ana zafi. Ruwan da ya yi mako a kwance cikin gida, ko a tsohuwar taya ne ko a fasasshen tulu, gidan masassara ne. Randa da duro a rufe su.

Zaure da rumfa

Zaure shi ne inda gida ya haɗu da gari. A yi shi yadda ƙofarsa ta waje ba za ta yi daidai da ta ciki ba, domin baƙo ya zauna a sake, mata kuma su yi aikinsu a sake. In da hali, a bar fili tsakanin zaure da shigifa, wurin ajiye keke ko babur da buhunan da za a kai kasuwa, ba sai an ratsa da su ta cikin iyali ba.

Rumfa ita ce uwar tsakar gida. A kafa ta inda mai zama a cikinta za ta ga ƙofar shigifa, ta ga madafa, ta ga inda yara ke wasa, duk ba ta tashi ba. Gefenta na arewa maso gabas a kare shi da zana, gama ta nan iskar hunturu ta ke busowa da ƙura daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Gefen kudu da yamma a bar shi buɗe, ta nan iska mai sanyi ta kan shigo gab da damina. Rufin kara ko zana ya fi kwano sanyi. Wanda ya sa kwano ya ɗaga shi sama, ya shimfiɗa zana a ƙarƙashinsa. A shuka duma ko kabewa a gindin ginshiƙai su hau, a sami inuwa, a sami ƙwarya.

Itatuwa

Ranar da ta fi cutar ɗaki ita ce ta bayan azahar, wadda ke dukan bangon yamma har ya riƙe zafi zuwa tsakar dare. A watan Afrilu zafi ya kan kai awo 40 ko ya wuce. Don haka babban itacen inuwa a yamma za a dasa shi. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne, tana da saurin girma, ba ta zubar da ganye duka da rani. Mangwaro na aure ya kan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, gwanda kuwa cikin shekara guda. Amma babban itace ya yi nisan taku takwas ko goma da bango da rijiya, domin saiwarsa tana tsaga gini. Cediya da durumi sun fi dacewa da ƙofar gida, inda dattawa ke zama. Zogale da lalle a jera su bakin danga. Ba su cin wuri, ga abinci, ga abin sayarwa ga matan gida.

Madafa da rumbu

Gobara ta fi yawa da hunturu, sa'ad da kome ya bushe, iska kuma tana kaɗawa. Madafa ta kasance a gefen kudu ko yamma da rumbu da tarin kara da harawa, don iska ta ɗauke tartsatsi daga barinsu, ba ta kai musu ba. A yi wa murhu ɗan bango mai tsawon gwiwa, ya tare iska ya kuma tare yaro mai rarrafe. Wurin shanyar shinkafa da tattasai a daɓe shi sosai, nesa da turke.

Ga wata magana mai nauyi. Maganin feshi da takin zamani ba su da wuri a madafa, ko a ƙarƙashin gado. A yi musu ɗan ɗaki na dabam mai kuba. Galan ɗin da maganin feshi ya ƙare a ciki kada a zuba masa ruwan sha ko mai, ko an wanke shi sau nawa. A huda shi a kawar.

Turke, juji da garka

Waɗannan uku a jere su ke tafiya. Turken tumaki da akurkin kaji a ƙarshen gida, ƙasa da rijiya. Kusa da su a haƙa rami biyu masu zurfin gwiwa. Kullum a share kashin dabbobi da toka da ganye da ƙaiƙayi a zuba a na farko, a riƙa yayyafa ruwa, a juya shi sau ɗaya a wata. In ya cika a koma na biyu. Cikin wata uku sharar ta zama baƙin taki mai laushi. Leda da gwangwani da batir ba su ruɓewa, a ware su.

Daga ramin taki sai garka. Fili taku goma da taku goma, in an kewaye shi da darni saboda awaki, ya isa ya ba gida alayyafo da yakuwa da rama da kuɓewa da lalo yawancin shekara. Mutumin da ke loda kwandunan tumatir a Kwanar Gafan bai kamata matarsa ta aiki yaro sayen ganyen miya ba.

Masai da rijiya

Tsakanin masai da rijiya a bar mita 30, watau kamar taku arba'in, masai kuwa ya kasance ta gangare. Ƙasan ramin ya fi ruwan ƙasa tudu da kamar mita 2. Inda ruwa ya taso kusa, kada a zurfafa. A gina shi sama da tubali, a yi masa matakala da murfi. Kamar yadda a ka sani, ba a sa shi ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Rijiya a ɗaure bakinta da siminti zuwa ƙugu, a sa mata marfi, guga a rataye shi, ba a yar a ƙasa ba. Yaron da ya sami wurin wanka a gida ba ya yawan zuwa magudana, inda tsargiya ta ke, inda kuma ruwa ya sha cin yara.

Ga dagatai da masu unguwa

Gida ɗaya ba ya iya wannan aiki shi kaɗai, gama rijiyar wani tana bayan bangon masan wani, rariyar wani kuma tana zuba a ƙofar wani. In za a yanka sabon fili, ku kira maƙwabta da duba-gari tun ba a sa tubali ba, a shirya masai su haɗa gefe guda, rijiyoyi su haɗa gefe guda. Kududdufin da a ka ɗebi ƙasar gini a cike shi ko a fasa masa hanya. A sa ranar gayya kafin damina a yashe magudanun gari.

Ba lalle a yi duka cikin shekara guda ba. Bana a gyara gangare da rariya da bakin rijiya, da damina a dasa itatuwa, baɗi a kafa rumfa a kewaye garka. Wanda ya ke son dashen mangwaro ko irin ganye, ya tambayi malamin gona na yankinsa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka, amin.