Amanar Marasa Baki a Gidan Dabbobin Gwaji

A bayan ɗakunan karatun wata makarantar ilmi mai zurfi da ke Jos, can inda hayaniyar ɗalibai ba ta kaiwa, akwai wani ɗan gini da ake kira gidan dabbobi, inda fararen ɓeraye da zomaye da ɓerayen Masar suke zaune keji-keji, suna jiran abin da masu bincike za su hukunta a kansu. Tun da sassafe, ko da a tsakiyar hunturu ne, lokacin da sanyin Filato yake ratsa ƙashi, mai kula da su yakan kwashe jiƙaƙƙen garin katako ya shimfiɗa busasshe, ya cika kwalaben ruwa, sa'an nan ya bi ɓerayen ɗaya bayan ɗaya yana duba alamar tawada da ke wutsiyarsu, don ya ga yadda wanda aka ɗura wa jiƙon sassaƙen maɗaci jiya ya kwana.

Ƙasar nan ta daɗe da sanin irin wannan aiki, domin tun 1924 aka kafa cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom, kudu da Jos, saboda yaƙi da bushiya, annobar da ta karya garken Fulani ta mai da masu dukiya matalauta, wadda sai a 2011 aka shelanta gushewarta daga duniya baki ɗaya. Wanda ya san wannan tarihi ba zai musanta maslahar da ke cikin gwaji ba.

Amma fuƙaha'u sun ƙayyade cewa larura ba ta wuce gwargwadonta, kuma hadisi ya tabbata game da matar da ta cancanci azaba saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha har ta mutu. Wasu masana biyu na Ingila, Russell da Burch, sun iso kusa da wannan mizani a 1959, da suka yi kira da a musanya dabba da wata hanya idan ta samu, a rage adadi, a kuma sassauta raɗaɗi. Bisa wannan ne kwamitin ɗa'a yake titsiye ɗalibi kafin ya ba shi izini: ɓeraye nawa kake bukata, me ya sa kaɗan ba za su isa ba, wane maganin kashe zafi ka tanada, kuma ta yaya za ka ɗauki ransu in aiki ya ƙare?

Sai dai sa hannu a takarda abu ne mai sauƙi, alhali kuwa amanar tana hannun wannan ma'aikaci da sunansa ba ya fitowa a kundin kowa, wanda ranar Salla da ranar Kirsimeti, har ma lokacin yajin aiki da makaranta take zama kufai, shi kaɗai ne yake tunawa da cewa akwai masu jin yunwa a bayan ƙofa. Ina roƙon malaman da ke cikin kwamitin su riƙa taka ƙafa zuwa gidan dabbobi ba tare da sanarwa ba, su saurari wannan bawan Allah, su kuma tabbatar an ware kuɗin abincin dabbobin kafin a ba kowane ɗalibi izinin fara gwaji.