Dashen Hanta: Wa Ke Samun Shiga Layi?

Daga cikin kayan cikin ɗan Adam, hanta ce idan aka yanki wani sashe nata take sake tofowa cikin 'yan makonni. Wannan baiwa ce ta sa mai rai ke iya ba ɗan'uwansa ɓarin hantarsa, su duka biyu su rayu. Likita Thomas Starzl ne ya fara gwada dashen hanta a birnin Denver na Amurka a 1963, kuma sai a 1967 ya sami maras lafiyar da ya daɗe bayan aikin.

Amma samuwar magani daban, isa gare shi daban. A Amurka an daɗe ana lura da cewa baƙaƙen fata sun fi farare mutuwa suna jiran dashe. A 2002 aka shigo da wani ma'auni mai suna MELD, wanda ke jera masu jira bisa sakamakon gwajin jini, wato wanda ya fi jin jiki shi ne a gaba. Giɓin ya ragu ƙwarai a cikin layin. Sai dai ma'aunin ba ya ganin wanda bai shiga layi ba, kuma masu inshorar gwamnati ta marasa ƙarfi sun fi masu inshorar kamfani wahalar samun a rubuta sunansu.

To, ina ga manomin Rano ko Kibiya? Shi layin ma babu. Idan idanunsa suka yi ɗorawa, ciki ya kumbura, daga babban asibitin Rano sai a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Can an fara dashen ƙoda tun 2002, amma dashen hanta bai zama aikin yau da kullum a Nijeriya ba. Mai hali Indiya ko Masar yake nufa da miliyoyin nairori. Mai ciwon ƙoda yana da na'urar wankin jini da za ta riƙe shi shekaru. Mai ciwon hanta ba shi da irinta.

A nan albashi ne ke raba mutane, fiye da ƙabila. Shirin inshorar lafiya na ƙasa da ya fara aiki a 2005 ma'aikatan gwamnatin tarayya ya fi amfana, domin daga albashi aka tsara biyan kuɗinsa. Manomi da makiyayi kuwa sai kaka ko ranar kasuwa suke ganin kuɗi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 97 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ba su da inshora. Dokar 2022 ta wajabta ta a kan kowa, amma doka a takarda ba ta biyan kuɗin jirgi.

Abin takaici shi ne, yawancin abin da ke lalata hantar ana iya tare shi da arha. Ciwon hanta nau'in B, wanda wani bincike na 2018 ya samu a jinin kimanin kashi 8 cikin ɗari na manya, yana da rigakafi a jerin alluran yara tun 2004. Gyaɗa da masarar da aka zuba a rumbu ba su gama bushewa ba kan yi fumfuna mai dafin aflatoksin, kuma idan dafin ya haɗu da ƙwayar cutar, haɗarin sankarar hanta yakan ninka sau da yawa. Allurar farko ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, alhali a ƙauyuka da dama a ɗaki ake haihuwa, jariri kuma ba ya fita sai bayan suna.