Bayan an sallamo ta daga asibiti

Yau za mu yi magana ne a kan waɗanda suka yi fama da ciwon daji, aka yi musu magani, Allah ya ba su sauran kwana.

Ba kaɗan ba ne. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna mutum sama da miliyan 53 suna raye cikin shekara biyar da gano musu cutar. Amma a gidajenmu, ranar da aka sallami mara lafiya sai a ce ta warke, 'yan dubiya su ɗauke ƙafa, a miƙa mata muciya da tsintsiya. Ita kuwa a ranar ne wata sabuwar jinya ta fara.

Mu ɗauki matar da aka yi wa tiyatar sankarar mama. Sau da yawa likita yakan cire har da ƙwayoyin kaluluwar da ke hammata, waɗanda aikinsu tace ruwan jiki. Idan babu su, ruwa yakan taru, hannu ya kumbura ya yi nauyi, wani lokaci bayan wata da watanni, wani lokaci bayan shekaru. Kumburin yana da dabarar kulawa: motsa hannu yadda aka koya mata, tausa ta musamman, safar hannu mai matsewa, da kiyaye fata daga yanka ko ƙuna. Ku tuna cewa wannan hannun ne ake so ya yi daka, ya ɗebi ruwa, ya kusanci murhu. Don Allah maigida, don Allah uwar miji, a rage mata aiki, ba lalaci ba ne.

Sai magani. Wadda sankararta ke bin sinadarin mace a jiki akan ɗora ta a kan ƙwayar tamoxifen, kullum, shekara biyar zuwa goma. Tana kawo zafin jiki da gumin dare, kuma mace takan gaji ta ajiye saboda ta ga jiki ya yi sauƙi, ko kuɗi ya ƙare. Ajiye ta kuwa yana ƙara haɗarin dawowar cutar. Wasu magungunan ƙarin ruwa, kamar doxorubicin, suna iya taɓa zuciya daga baya. Wadda aka yi wa gashi saboda sankarar bakin mahaifa takan rasa al'ada da wuri, kuma kwanciyar aure takan zame mata wahala. Kunya ta hana ta faɗa, miji ya yi ta zargi. Wannan magana ce ta likita, kuma akwai taimako.

A Najeriya an soma asusun tallafin masu ciwon daji a 2021, domin sankarar mama, ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, a asibitoci shida, ciki har da na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da na tarayya da ke Gwambe. Abin a yaba ne. Sai dai komawa asibiti duk bayan wata uku ko shida a shekarun farko yana buƙatar kuɗin mota da na gwaji, kuma a ganinmu dangin da suka yi karo-karo lokacin tiyata su ya kamata su ci gaba da ɗaukar wannan nauyin.

Kafin ku bar asibiti, ku roƙi likita ya rubuta muku takarda: wace irin sankara ce, wane magani aka ba da, yaushe za a dawo. Duk wani sabon ƙullutu, ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya, tari mai naci, zubar jini ko rama ba dalili, kada a jira ranar da aka rubuta, a koma da takardar a hannu.