Daga Tambuwal zuwa Jidda: a miƙe ko a yada zango?

Mutumin Tambuwal bai taɓa yin tafiyar kai-tsaye ba, ko da tikitinsa ya ce haka. Kafin ya ga matakalar jirgi sai ya ci kusan kilomita 100 a mota zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, na Kebbe kuwa nasa ya fi haka. Don haka lissafin gajiya daga tashar mota yake farawa.

Lokacin Hajji galibi babu zaɓi. Hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, kan ba kamfanoni irin su Max Air da Flynas aikin jigila, su kwashi maniyyata daga Sakkwato zuwa Madina ko Jidda. Hawa ɗaya, sauka ɗaya. Gyatumar da ba ta taɓa wuce kasuwar Dogon Daji ba, babu ruwanta da neman ƙofa a filin da ba a jin Hausa. Wahalar wannan jirgi a ƙasa take: shi ne ke kai sawu ya dawo ya ɗauki na gaba, in ya makara a can, kwanan sansanin alhazai ya ƙaru a nan.

A Umara ne gardamar ke tashi. Galibi sai an dangana da Kano ko Abuja, can ejan zai shimfiɗa maka farashi: ga mai miƙewa Jidda, ga Ethiopian ta Addis Ababa, ga EgyptAir ta Alƙahira, ga Qatar Airways ta Doha. Sau da yawa mai zangon ya fi araha, kodayake hanyarsa ta fi tsawo. Mai bi ta Doha ma sai ya tsallake Saudiyya zuwa gabas sannan ya juyo. Dalilin kasuwa ne. Kamfanin na tara fasinjojin garuruwa da dama a cibiya guda ya sake rarraba su, kujerunsa su cika, kuma ya san sai da rangwame zai janye ka daga gajeriyar hanya.

Ragowar kuɗin jiki ke biya. Addis Ababa tana kan tudu sama da mita 2,300, sanyin darenta ba ya tausayin mai 'yar shara. Ga gyangyaɗi a kujerar ƙarfe, ga sake bin layin bincike, ga akwatin da aka sauke daga wannan jirgi bai hau wancan ba. Amma zango ba ya rasa alherinsa. Dattijon da ƙafarsa ke kumbura in ya daɗe a zaune zai samu ya taka, jini ya zaga. Wanda ya nufi Makka ta Jidda kuma zai yi alwala a natse ya ɗaura haraminsa a ƙasa, ya bar niyya sai an zo daidai mikati, maimakon kokawa da zane a matsattsen banɗakin jirgi.

Abin da na fi jiye wa mutanenmu shi ne tikiti biyu. In duka tafiyar a tikiti guda take, jirgin farko ya makara, kamfani ne zai sama maka wani. In kuwa na Sakkwato zuwa Abuja daban ka yanka, jinkirin awa uku ya isa ya cinye na Jidda, babu wanda za ka kama.

Miƙaƙƙiyar hanyar ma takan lanƙwashe. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, dole jiragen alhazan Najeriya suka yi zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 kan kowace kujera.