Ƙura, Hayaƙi da Gizagizai a Sararin Dajin Birnin Gwari

A ƙarshen bazara, duk wanda ya ɗaga kai da hantsi a Birnin Gwari zai ga gizagizai farare fat, kamar an tsiba auduga a sama, gindinsu a shafe, kawunansu curi-curi. Irin wannan girgije shi masana ke kira kumulus, sunan da wani mutumin Ingila, Luke Howard, ya yaɗa a 1803 daga kalmar Latin mai nufin tsibi. Manomi kan dube shi da fatan ya zama hadari. Wata rana ya zama, wata rana ya watse kafin la'asar. Me ke kawo wannan bambanci?

Al'amarin daga ƙasa yake farawa. Rana ta gasa ƙasa, ƙasa ta ɗumama iskar da ke kanta, iskar ta yi sama. Tana hawa tana hucewa, kimanin digiri 1 a kowace mita 100, har ta isa inda tururin cikinta zai koma ruwa. Nan ne gindin girgije, shi ya sa yake a shafe. Tururin kuwa iskar damina ce ke kawo shi daga Tekun Atlantika, sa'an nan itatuwan dajin Kamuku, su doka, maje, kaɗanya da ɗorawa, su ƙara nasu, domin suna zuƙo ruwa da saiwa suna fitar da shi ta ƙofofin ganye.

Sai dai tururi kaɗai ba ya yin girgije. A 1880 John Aitken ya nuna cewa kowane ɗigo yana bukatar wani ɗan ƙanƙanen abu da zai taru a kansa. A wannan yanki, abubuwan sun haɗa da ƙurar Sahara, wadda kwarin Bodele na ƙasar Chadi ke fitar da kaso mai yawa daga cikinta, da hayaƙin ƙunar daji da na masu gawayi, da garin furanni. A hunturu ƙura ta cika sarari, amma da wuya a ga kumulus, saboda iskar busasshiya ce, kuma hazo ya rage ƙarfin rana.

Abin mamaki shi ne, yawan waɗannan ƙwayoyi yana iya hana ruwa sauka. Tururin da zai rabu kan ƙwayoyi ɗari, in ya rabu kan dubu, tilas ɗigogin su ƙanƙance, alhali sai kimanin miliyan ɗaya sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. Binciken da Meinrat Andreae da abokan aikinsa suka buga a 2004 kan dajin Amazon ya nuna cewa girgijen da ya sha hayaƙi ba ya fara zubarwa sai ya yi nisa sama ƙwarai, kuma in ya tashi zubarwa yakan zo da guguwa da ƙanƙara.

Can ƙolin girgije akwai wani sirri. Tsarkakakken ɗigo yana iya zama ruwa har wajen digiri 38 ƙasa da sifili. Wasu ma'adanan ƙura na sa ya daskare da wuri, amma wata bakteriya mai zama a kan ganye, Pseudomonas syringae, ta fi su gwaninta, don tana daskarar da ruwa tun wajen digiri 2 ƙasa da sifili. Ƙanƙarar ta girma, ta faɗo, ta narke a hanya, ta iso gona a matsayin ruwa.

An keɓe Kamuku a 1936, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Mai sare dokarsa don gawayi ɓarna biyu yake yi: ya rage tururi, ya ƙara hayaƙi.

Malami zai iya nuna wannan a aji. A zuba ɗan ruwan ɗumi a gorar roba, a rufe, a matse, a saki: kusan ba abin da za a gani. A jefa ashana da aka kashe yanzu-yanzu, a rufe, a sake matsawa a saki, sai farin girgije ya bayyana a cikin gorar.