Daga Majami'ar Unguwa Zuwa Babban Taron Duniya: Yadda Ikilisiyar Methodist Ke Zaɓen Wakilanta

A Najeriya, da zarar an ce “daliget”, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne zaɓen fid da gwani na jam'iyyun siyasa, da kuɗin da ake rabawa a ɗakunan otal cikin dare. Amma akwai wani zaɓen wakilai da ake yi a tsakaninmu, babu ganga babu fosta, wanda sakamakonsa ya riga ya taɓa zaman lafiyar wasu garuruwa a wannan yanki namu. Shi ne zaɓen fastoci da membobin da Haɗaɗɗiyar Ikilisiyar Methodist, wadda aka fi sani da UMCN, ke turawa manyan tarukan da ke yi mata doka da zaɓar mata shugabanni. Ya kamata mazaunin Gombe, Kirista ne ko Musulmi, ya san yadda wannan zaɓe ke gudana, domin gidan maƙwabci ne.

Tushen ikilisiyar a ƙasar Gombe

Wani mai wa'azi ɗan Amurka, C. W. Guinter, ya iso Najeriya a 1906 tare da ƙungiyar mishan ta SUM. A 1923 aka kafa tashar mishan a Bambur, cikin ƙaramar hukumar Karim Lamido ta jihar Taraba a yau. Daga can aikin ya haura ƙasar Pero, wato yankin Filiya na ƙaramar hukumar Shongom a kudancin jihar Gombe. An daɗe ana kiran ikilisiyar da sunan Lardin Muri, kafin ta sami bishop nata na farko, Done Peter Dabale, a 1992, da hedkwata a Jalingo. Bayan ƙirƙiro jihar Gombe a 1996, aikin gwamnati da karatu da kasuwanci suka ƙara jawo 'ya'yan ikilisiyar zuwa cikin birni, suka zo da Hausarsu ta sujada da tsarinsu na taro.

Kada a haɗa ta da Ikilisiyar Methodist ta Najeriya, wadda asalinta daga Ingila ne, ta hannun Thomas Birch Freeman da ya sauka Badagry a 1842, ta kuma sami 'yancin kanta a 1962. Kakansu ɗaya, John Wesley, amma kowacce da kundin dokokinta. UMCN reshe ce ta ikilisiyar duniya da aka haɗa a birnin Dallas na Amurka a 1968.

Matakai huɗu

Iko a wannan ikilisiya ba a hannun mutum ɗaya yake ba. A hannun taro yake, tarukan kuma hawa-hawa ne.

Mataki na farko shi ne taron ikilisiyar gida, sau ɗaya a shekara. Shugaban gunduma, wanda jama'a ke ce wa DS, yakan zauna a tebur a gaban majami'a, sakatare na gefensa da rajistar membobi. Ana karanta rahoton baiko da na baftisma da na gini, sannan a zo kan zaɓen wanda zai wakilci ikilisiyar a taron shekara. Asali taron na dattawa ne da shugabannin ƙungiyoyi, amma doka ta ba DS ikon buɗe shi ga kowane cikakken memba ya kaɗa ƙuri'a. A nan ne mutane da yawa ke ɗaukar Littafi Mai Tsarki su nufi gida, suna ganin abin na manya ne.

Mataki na biyu shi ne taron shekara, wanda bishop ke shugabanta. Duk fastocin yankin membobinsa ne, kuma doka ta ce dole yawan waɗanda ba fastoci ba ya kai yawan fastoci. Idan bai kai ba, sai an ƙaro. Shugabar zumuntar mata, da shugaban maza, da na matasa duk suna da kujera. Haka kuma kowace gunduma tana da gurbin matashi ɗaya mai shekara 12 zuwa 17, da wani mai shekara 18 zuwa 30.

Wannan taron shekara ne ke zaɓen wakilan matakai biyu na sama: taron yankin Afirka ta Yamma, wanda ke zaɓen bishop-bishop, da Babban Taro na duniya, wanda ke zama duk bayan shekara huɗu. Babban Taro ne kaɗai ke da ikon magana da yawun ikilisiya da sauya kundin dokokinta. Tsarin mulkinta ya ƙayyade masa wakilai daga 600 zuwa 1,000, rabi fastoci, rabi membobi. Bishop-bishop suna jagorantar zama, amma ba su da ƙuri'a ko ɗaya. Kujerun kowane taron shekara sun dogara ne ga yawan fastocinsa da membobinsa, sai dai komai ƙanƙantarsa ba zai rasa fasto ɗaya da memba ɗaya ba. Ashe ke nan rajistar da sakatare ke riƙewa a Filiya ko a Gombe ita ce ma'aunin nauyin muryar Najeriya a zauren duniya.

Ranar ƙuri'a

Ƙa'idar farko ita ce kowa ya zaɓi nasa: fastoci su zaɓi fastoci, membobi su zaɓi membobi. Faston da za a zaɓa sai wanda aka naɗa cikakken naɗi. Faston da bai kai wannan matsayi ba yana iya kaɗa ƙuri'a idan ya kammala karatun da aka gindaya, ya kuma yi shekara biyu a jere a bakin aiki kafin zaɓen, amma ba za a zaɓe shi ba. Shi kuwa memba, ba a duba shekarunsa na haihuwa. Abin da ake nema shi ne ya cika shekara biyu yana cikakken memba, da shekara huɗu yana hidima a ikilisiya.

A zauren taro akan keɓe layukan kujerun masu ƙuri'a, baƙi da 'yan kallo su koma baya. A mafi yawan tarukan, akan raba takarda, kowa ya rubuta sunaye daidai adadin guraben da suka rage. Takardar da ta wuce adadi ta lalace. Masu ƙirga su fita da kwandunan, taro ya ci gaba da waƙa ko sauraron rahoto, sannan a dawo a karanta sakamako. Wanda bai haura rabin ƙuri'u ba bai ci ba, don haka sai a sake zagaye, wani lokaci har dare ya yi. Daga ƙarshe a zaɓi 'yan jiran gurbi, waɗanda za su maye idan wani ya kasa tafiya. Wani abin lura kuma: da zarar an zaɓi wakili, taron da ya tura shi ba shi da ikon tilasta masa yadda zai kaɗa ƙuri'a. Lamirinsa zai bi. Saboda haka halin mutum da zurfin saninsa su ne jarin da masu zaɓe ke zubawa.

Wannan 'yanci bai zo a sama ba

Lokacin da John Wesley ya kira taronsa na farko a Landan a 1744, masu wa'azi ne kaɗai a ciki. A Amurka an koma tsarin tura wakilai a 1812, amma har lokacin fastoci ne zalla. Gardamar ba membobi kujera ta yi zafi har wani ɓangare ya ɓalle a 1830. Sai a 1872 membobi maza suka zauna a Babban Taro. A 1888 aka zaɓi mata biyar, cikinsu har da Frances Willard, amma aka hana su zama. Mata ba su sami kujera ba sai a 1904, cikakken naɗin fasto kuwa sai a 1956. Ƙuri'ar da 'yar zumuntar mata ke riƙe da ita yau a Gombe, an shafe shekaru fiye da ɗari ana fafutuka kafin ta iso hannunta.

Abin da ya faru a 2024

Babban Taron da aka shirya yi a 2020 an ɗage shi har sau uku saboda annobar korona. Bai zauna ba sai daga 23 ga Afrilu zuwa 3 ga Mayun 2024, a birnin Charlotte na Amurka. Kujeru 862 aka ware, kusan kashi 32 cikin ɗari na Afirka. Yawancin wakilan tun 2018 da 2019 aka zaɓe su, kuma wasu daga Afirka ba su samu halarta ba saboda matsalar biza da takardun gayyata. Kujerar da babu kowa a kanta kuwa ba ta magana.

Taron ya soke haramcin da aka kafa tun 1984 kan naɗa masu neman jinsi ɗaya a matsayin fastoci, amma ya bar wa yankunan da ke wajen Amurka ikon tsara nasu sharuɗɗan aure da naɗi. Ya kuma amince da gyaran tsarin mulki da zai ba kowane yanki ƙarin 'yancin tafiyar da al'amuransa. Irin wannan gyara ba ya zama doka sai ya sami kashi biyu cikin uku na jimillar ƙuri'un tarukan shekara na duniya baki ɗaya, kuma an kammala wannan ƙuri'a a 2025 da amincewa.

A Najeriya, inda dokar ƙasa ta 2014 ta haramta auren jinsi, labarin ya girgiza ikilisiyar. A watan Yulin 2024 Bishop John Wesley Yohanna ya bar ta ya koma wata ikilisiya mai suna GMC, wadda aka ƙaddamar a 2022, tare da wani ɓangare na mabiya. Waɗanda suka tsaya suka ce matsayinsu kan aure bai sauya ba. A watan Disamba taron yankin Afirka ta Yamma ya zauna a Ghana, ya zaɓi Ande Emmanuel a matsayin bishop. Kwanaki kaɗan bayan haka rikici ya ɓarke a Munga Dosso, cikin Karim Lamido mai iyaka da jiharmu, aka rasa rayuka uku, biyu daga ciki ƙananan yara. Takaddama kan majami'u da filaye ta kai ga kotu. Ba wannan ne karo na farko ba: tun zaɓen bishop na 2012 wani ɓangare ya ƙi yarda da yadda aka gudanar da shi, rabuwar ta ɗauki shekaru.

Darasin a fili yake. Mutane kan haƙura da shan kaye idan sun yarda an bi ƙa'ida, amma ba sa haƙura idan suna zargin an yi musu rufa-rufa wajen zaɓen waɗanda suka yi magana da sunansu.

Abin da ya rage wa masu zaɓe

Babban Taro na gaba zai zauna a birnin Minneapolis a 2028, kuma a shekarun da ke gabansa ake zaɓen wakilai. Tun ran gini, ran zane. Wakilci ba ladan tsufa ba ne, ba kuma tikitin ganin Amurka ba ne. Wakili zai karanta ɗaruruwan ƙudurori, ya zauna a kwamiti, ya miƙe a gaban makirfo ya kare matsayin mutanensa cikin 'yan mintoci. Wanda za a tura ya zama mai karatu, mai sauraro, wanda ba a sayen bakinsa. Kada ƙabila ko gari su zama ma'auni, domin ikilisiya ce mai haɗa Pero da Wurkun da Mumuye da Jukun da sauransu, kuma duk lokacin da ƙuri'a ta bi layin ƙabila, ɓaraka ce ke biyo baya. Mata, waɗanda ke cika benci kowace Lahadi, su ma su cika jerin sunayen wakilai, haka ma matasa.

Su kuma shugabanni, nauyinsu shi ne su sanar da ranar zaɓe da wuri, su karanta ƙa'idojin da Hausa, su tsaftace rajista, a ƙirga ƙuri'a a gaban wakilan kowane ɗan takara, a kuma fara neman fasfo da biza tun da sauran lokaci. Wakilin da ya dawo ya zagaya gunduma-gunduma ya faɗi abin da aka yanke da yadda ya kaɗa ƙuri'arsa, kafin jita-jitar WhatsApp ta riga shi.

Kai kuma memba, idan aka sanar da taron ikilisiya bayan sujada, kada ka tashi. Zauna, ka tambaya, ka zaɓi wanda ka yarda da amanarsa, domin abin da zai ɗaga wa hannu a can, kai da 'ya'yanka ne za ku zauna da shi a nan.